Kifin Miyar Juma'a

"Ba zan ɗauke shi ba," in ji Perrine.

Goggo Eulalie ta tsaya a bakin ƙofa, ta toshe hanci. "Ni kike gaya wa haka a gidana? Kifin nan don miyar Juma'ar da ta wuce na saya. Yau Talata!"

"To Goggo, ai wata Juma'ar na nan tafe."

Shekara huɗu Perrine ta yi tana koyon zane a Paris kafin ta dawo Rouen, goggonta ta ba ta ɗakin sama. Abu guda ta riƙe gam daga malaminta: abin da aka jera a tebur, ba a taɓa shi sai zane ya kammala. Ta jera kifin, da albasa uku, da tukunyar tagulla ta Goggo, ta kewaye kowanne da alli. Hasken da take so kuwa awa biyu rak yake shigowa ta tagar ɗakin da safe.

"'Yan boko ke nan!" in ji Goggo. "Wasu na zana sarakuna, ke kin tsugunna gaban mushe. Ko kifin ya fita yau, ko ke ki fita."

"Ƙayar bayansa ta rage mini in zana."

Laraba ta ɗaure ƙyalle a hanci, ta ci gaba. Alhamis ƙudaje suka zo gaisuwa. Ɗaya ya daɗe a kan albasa, sai ta sa shi a zanen. Kyanwar gidan, wadda ta yi kwana uku tana sintiri a ƙofa, ta leƙo, ta shinshina, ta juya abinta.

Ran Juma'a ta ajiye burushi. Goggo ta hau sama, ta daɗe tana kallon zanen. Ga kifi yana sheƙi kamar yanzu aka ciro shi daga ruwa, ga lotsawar gindin tukunyarta.

"Har lotsawar kika sa? Mara kunya." Ta kai hannu ta kori ƙudan. Bai tashi ba.

Perrine ta danne dariya, amma sai da ta kuɓuce.

Goggo ba ta saba janye magana ba. Da yamma Perrine ta sauko da akwatinta, zanen a hammata, fenti bai bushe ba. Zane ya kammala yadda ta so. Ɗakin kuwa, da tagar nan mai haske, ta rasa su.