Layin Ƙasa na Jadawalin Sinadarai

Jadawalin sinadaran da ke bangon ɗakin gwaje-gwajen makarantar ya koɗe, sai malamar kimiyya ta kira wani dattijo mai fenti ya sabunta shi. Ta ba shi takarda ya kwafa gida-gida.

Kwana biyu yana kan tsani yana aiki. Da ya iso layin ƙasa sai ya sauko, buroshi na ɗiga a hannunsa.

"Malama, tsohon ya tsaya a ɗari da uku, naki ya kai ɗari da goma sha takwas. A ina aka tono sauran?"

"Ba tono su aka yi ba, Baba, ƙera su aka yi," in ji ta. "Ana harba ƙwayar zarra ta daki wata a cikin inji. Sai a yi watanni kafin biyu su manne."

"In sun manne a zuba a kwalba?"

Ta yi dariya. "Wace kwalba? Na ƙarshen nan, kafin ka ƙifta ido ya tarwatse."

Dattijon ya zauna a bakin tebur yana shafa gemu. "Ikon Allah! To ta yaya aka san ya zo?"

"Da ɓurɓushin da ya bari."

"Kamar ɓera ke nan. Ba a gan shi ba, an dai ga aikinsa. To wane launi ne da shi?"

Shekara goma sha biyu Malama tana koyarwa, ba ɗalibin da ya taɓa yi mata wannan tambaya. "Babu wanda ya taɓa gani," ta ce.

Wannan ya yi masa daɗi ƙwarai. Ya ce shi ba zai yi wa baƙo ƙaryar launi ba, ya bar gidajen sababbin sinadaran da farin bango, lamba da haruffa kawai ya rubuta.

"Bayan na ƙarshen nan akwai wani?" ya tambaye ta.

"Ana kan nema. In an samu, sabon layi zai buɗe a ƙasa."

Ya duba, kabad ɗin kwalabe ya tare wurin. Su biyu suka tura shi gefe suna nishi, ya goge bangon, ya ja layi da fensir. Sannan ya wanke buroshinsa, ya roƙe ta aron wani littafi mai hoton injin, jikarsa za ta karanta masa.