Wutar da Ermek Ya Gyara

Kwana uku ke nan tsoho Toktosun yana kukan ciwon kai, kuma kwana ukun nan ɗansa Ermek yana yi masa maganin da kowa a Kirgizistan ya gada: shayi mai zafi, bargo, a ja ƙofa. Ciwon tsauni ne, in ji kowa. Wa zai hau tsaunin Susamir da shekara saba'in da huɗu bai ji a jikinsa ba?

Sun hawo ne da amya arba'in na ƙudan zuma, a tsohuwar bas ɗin da Ermek ya mayar ɗaki, da gado biyu da murhun gas. Tun ranar farko tsohon ya sa murhun a gaba.

"Wannan wuta ce ko hamma take yi? Kafin ruwa ya tafasa gemuna ya kai gwiwa."

"Ata, babana, nan sama haka wuta take. Iskar ce ba ta da ƙarfi."

"Kai ne dai ba ka da ƙarfi."

Maganar ta soki Ermek. Ya kwance kan murhun, ya sa basilla ya buɗa ɗan ramin da gas ke fitowa. Wutar da a da shuɗiya ce ta miƙe rawaya, tana lasar gefen buta tana barin baƙi. Tsohon ya ji daɗi har ya kawo tasa gudummawar: ya toshe kafofin iska na motar da gashin tumaki, wai sanyi na cizon ƙafarsa.

Rana ta huɗu da hantsi ƙanƙara ta sauko. Ermek ya ɗora buta, ya lulluɓe uban, ya ja ƙofa, ya tafi ɗaure murfin amya. Ya fi awa yana fama, sai ya lura nasa kan, da shi ma ke ciwo a cikin motar, ya daina sara. Jiya ma a waje ya daina. Shekaranjiya ma. Ashe ba tsauni ba ne, hayaƙin murhun ne. Ya saki igiyar ya ruga.

Tsohon na kwance, fuska ja kamar mai ƙoshin lafiya, ga amai a gemu. Ermek ya jawo shi waje bisa jiƙaƙƙiyar ciyawa yana jijjiga shi.

"Ata! Ata, buɗe ido! Zage ni ma!"

Ihun ya fito da Burul, dattijuwar da ke kiwon dawaki kusa da su.

"Ka haukace ne, ƙanena? Mai ciwon tsauni a cikin ƙanƙara? Mayar da shi ciki, in haɗa shayi!"

"Eje, Yaya, shayin ne ke kashe shi! Kama min ƙafafunsa!"

Ya kashe gas, ya cire tukunyar gas ɗin ya wurgar, ya fisge gashin tumakin. Waya babu sabis. Asibiti mafi kusa tafiyar awa biyu ce, mota kuwa babu wata sai wadda ta yi ɓarnar. Suka kwantar da tsohon a kujerar gaba, tagogi duka a buɗe. Ermek ya bar amyoyinsa rabi a buɗe bai waiwaya ba.

Yana gangara yana kuka, yana roƙon Allah, hannu ɗaya a sitiyari, ɗaya a ƙirjin uban yana neman numfashi. Tsoro irin wannan bai taɓa jin sa ba. Da hannunsa ya buɗa ramin murhun nan, don kawai a daina ce masa rago.

Wajen gada ta biyu tsohon ya yi tari, ya buɗe ido. Ermek ya kusa sakin hanya don murna.

"Ata! Alhamdu lillahi!"

Toktosun ya daɗe yana kallonsa, kallon ladabi irin wanda ake yi wa baƙo.

"Direba," ya ce a hankali, "ɗana ya san an tafi da ni?"

Ermek ya ƙara taka mota.

"Ya sani, Ata. Yana biye da mu."