Takarda ta Bakwai

Kwana uku Auta tana fama da tsohuwar kwamfutar Baba. Ta sauko da ita daga saman kabad, ta goge duk abin da ke cikinta, ta haɗa ta da tsohuwar firintar gidan da igiya. So take kowa ya riƙa turo takarda daga wayarsa, kwamfutar ta karɓa ta miƙa wa firinta. Kwamfutar tana karɓa. Firintar ce ta yi gum.

"Injiniya," in ji yayanta daga bakin ƙofar falo. "Shekara shida a waje, firinta ta gagare ki?"

"Yaya, matsa. Ka tare min haske."

Umma na zaune dab da teburin tun bayan la'asar, tana jiran fom ɗin asibitin ido da za ta kai gobe. Shekara talatin ta yi tana buga takardu a ofis, kuma har yau takarda ba ta ratsa hannunta ta wuce ba ta karanta ba, ko ta wane ce.

Auta ta gano matsalar a wani lungun allo. Tun ranar farko kwamfutar ta dakatar da firintar, tana jiran izini. Ta danna. Firintar ta yi tari, ta ja takarda.

"Allahu akbar, ta farfaɗo!" in ji Yaya.

Abin da ya fito ba fom ba ne, jadawalin aikin Yaya ne. Umma ta kara shi a fuska, ta karanta, ta ajiye a cinya.

Sai a lokacin Auta ta buɗe layin. Duk abin da aka turo cikin kwana ukun nan bai ɓata ba, yana jere yana jira. Goma sha ɗaya. Fom ɗin Umma ne na ƙarshe. Ta bakwai ta Auta ce. Ranar Litinin, da take gwaji, ta turo takardar da ta fi kusa a wayarta: wasiƙar karɓar aiki a can inda ta yi karatu. Watanta biyar da dawowa. A falon nan ta ce wa Umma ta dawo ke nan. Tun Litinin take neman bakin da za ta faɗa mata.

Ta kai maus kan ta bakwai ta danna sokewa. Kwamfutar ta nemi kalmar sirri. Ta buga, aka ce ba daidai ba.

Ta biyu ta fito. Ta uku.

"Wannan kuma hoton wa?" Umma ta tambaya.

"Motar da zan saya ce," in ji Yaya.

"Da bakinka?"

Auta ta sake bugawa a hankali, harafi ɗaya bayan ɗaya. Maɓalli guda ya maƙale, ta ɓanɓaro shi da farce. Wannan karon ta shiga, sai allon ya daskare, 'yar ƙawanya tana ta juyi. Fankar kwamfutar ta hau kuka.

Ta huɗu. Ta biyar.

Ta sunkuya ta lalubi soket a bayan tebur.

"Kul," in ji Umma. "Kwana uku muna lallashinta. Kin kashe, wa ya san ranar da za ta sake tashi? Fom ɗina fa?"

"Umma, zafi take yi."

Umma ta ɗora tafin hannu a kan firintar. "Lafiyarta ƙalau."

Ta shida ta sulalo. Auta ta miƙe, ta sa hannu a bakin firintar.

"Bari in riƙa karɓar miki."

"Hannuna ya mutu ne?"

Allon ya saki, amma ta bakwai ta riga ta bar layi. Firintar ta ja takarda.

"Umma, wannan tawa ce. Akwai maganar da nake so mu yi."

Umma ta riga ta kama gefenta. Ta kara ta a fuska, ta bi ta layi-layi da idon da ya fi gani. Yaya ya leƙa ta kafaɗarta, ya karanta kan takardar, ya koma bakin ƙofa. Ta takwas da ta tara suka fito, ba wanda ya taɓa su.

"Litinin kika rubuta," in ji Umma.

"E."

"Yau Alhamis."

"Ina ta so in faɗa miki."

"Sau nawa muka ci abinci tare tun Litinin?"

Auta ta mayar da idonta kan allon.

"Yaushe ne tafiyar?"

"Ƙarshen wata mai zuwa."

Umma ta daidaita wasiƙar, ta miƙa mata da hannu biyu kamar yadda ake miƙa wa shugaban ofis. Ta jira fom ɗinta ya fito, ta duba shi gaba da baya, ta tashi.

"Ƙarfe nawa za mu fita gobe?" Auta ta tambaya.

"Yayanki zai kai ni."