Koren Ruwan da Motata Take Ɗigarwa

…zaƙi? Zaƙi bakaniken nan ya ce, ko kunnena ne?

Ga shi durƙushe gaban motata, ya ciro famfon ruwan, wata-fam in ji shi, yana jujjuya shi a hannu. Ga ɗan ramin da yake yoyo, ga farin ɓawon da ya bushe a gefensa. Boris ɗin da famfon yake juyawa a kai ya mutu, fankar ciki ta cinye. Wai ƙugin da nake ji in na tayar da safe, shi ne. Allurar zafi da take hawa in na shiga cunkoso, shi ne. Lagireto da ba ya riƙe ruwa, kullum ƙari, kullum ƙari… duk shi ne. Na ce a canza mana, me ake jira, gara yau da inji ya ƙone mini a tsakiyar titi. Sai ya goge hannu da tsumma, har da 'yar dariyarsa: "Hajiya, a wanke inda motar take kwana fa. Koren ruwan nan zaƙi gare shi, amma guba ne. Dabba in ta lasa, sai dai wata."

Kajina.

Innalillahi… kajina! A ƙarƙashin motar suke shan inuwa. Nan, daidai gaba, inda simintin tsakar gida ya ɗan lotsa, inda koren abin yake taruwa. Ni da idona ina ganinsa kowace safiya, ina tsallake shi, ina cewa sai an samu sarari. Tangaɗi suka fara kamar 'yan maye, zakaran ya kife a bakin famfo, kafin la'asar an kwashe su a buhu. Ni kuwa, uwar 'yan bincike, nan take na gano mai laifi — Maman 'Yan Biyu, maƙwabciyata, katanga ɗaya. Ba ita ta ce wata rana sai ta yi maganinsu ba, da suka tone mata shuka? Da dariya ta faɗa. Da dariya, wallahi, har tana dafa kafaɗata.

Ni na ɗauki mushen kaza na dire mata a bakin ƙofa. Unguwa ta taru. Bakin nan nawa da ba shi da linzami… me ban ce ba? Mai baƙin ciki, mai baƙar aniya, yau kaji gobe mutum. Tana tsaye da kumfar wanki a hannu, "Maman Auta, ni?" kawai take cewa. Matar da ta riƙe ni ranar naƙudar Auta, Babanta yana can wurin aiki a wata uwa duniya. Na ce ko gawata aka fitar kada ta tako mini gida. Na goge lambarta a gaban mutane, don ta gani.

Gawata… wa ya aike ni?

Tsaya. Tsaya tukuna.

Wa kuma yake zama a inuwar motar nan?

A'a. A'a, ya Rabbi.

Auta da 'yan kofunanta na roba. Dafa-dafarta. Tun da kajin suka mutu wurin ya zama nata ita kaɗai, har daɗi na ji, na ce yarinya ta huta da kashin kaji. Yau da safe — ina neman makulli, ina sauri — ta fito daga gaban motar da rarrafe, gaban rigarta kore, yatsa a baki. "Mama, alawa." Alawa ta ce! Na buge hannun. Don riga. Don riga na buge ta, sabuwar riga ce, ban ko tambayi me ke cikin kofin ba… nawa ta sha? Lasa ce ko kurɓa? Kofin cike yake ko… ban duba ba. Ban duba ba!

Ta amayar da shayinta, na ce haƙori ne. Ta taho wurina tana haɗa hanya, ta faɗi, ta tashi, ta faɗi, Iya, kakarta, tana dariya wai ƙawarta barci bai sake ta ba. Tangaɗi. Irin na zakaran. Na kwantar da ita a tabarmar Iya na ce madalla, ta yi barci in je gareji in dawo.

Me bakaniken yake cewa? Bakinsa yana motsi. Ashe a fili na faɗa. Ya daina dariya, yana tura mini galan ɗin koren ruwan, wai in kai wa likita ya gani, wai kada a jira ta farka, kada a ce bari a ga yadda za ta yi, asibiti yanzu-yanzu. Ya ruga titi tare mini abin hawa. Motata ga ta nan baki buɗe, bel a ƙasa, kusoshi a cikin kwano. Ni na ce a kwance ta. Gari guda tsakanina da gida, ga cunkoson rana.

Iya, ɗauki waya. Iya! Wayar tana ƙarƙashin filo, na sani, kunnen ma sai an yi ihu. Babanta? Me zai yi daga can, ya yi fiffike?

Katanga ɗaya. Mutum ɗaya ce za ta iya kaiwa kan tabarmar nan kafin in rufe baki. Ta san inda muke ɓoye makullin ƙofa, ta san hanyar asibiti, motar mijinta tana gida war haka.

Na goge lambar, amma yatsuna ba su goge ba. Ga su suna dannawa.

Wayar tana shiga.

Ki zage ni, Maman 'Yan Biyu. Ki tara unguwa ki rama, ki dire mini duk abin da kika ga dama a ƙofa, na yarda, wallahi na yarda, ki dai ɗauka… Tana ganin sunana yanzu. Na san tana gani. Tana tsaye, wataƙila da kumfa a hannu, tana kallon sunan matar da ta ce ko gawa…

Ba tawa ba ce. Ba tawa za a fitar ba, 'yar'uwa.

Tana ta shiga… tana ta shiga…