Kwalta a Jikin Motar Yaya Khalilu

Shekara shida Ikrima yana roƙon yayansa Khalilu aron mota, shekara shida ana ce masa sai ya ƙara hankali. Malamin firamare ne fa, mai 'ya'ya uku, amma a idon Yaya har yanzu shi ne wanda ya taɓa afkawa gonar albasa da babur. Ran nan kuwa, a gidan Yaya da ke Bici, sai ga makulli a tafin hannunsa. Zai kai buhun taki ƙauye ya dawo.

"Kafin la'asar," in ji Khalilu. "Yadda na ba ka ita."

Mota ce fara tas. Ikrima ya sauke gilasai huɗu don kowa ya ga wanda ke ciki, har jakuna sai da ya yi wa hon. Da ya iso inda ake shimfiɗa sabon titi, ma'aikata suka yi ta ɗaga masa hannu, wani har da tsalle. Shi ma ya ɗaga musu cike da jin daɗi. Bai san korarsa suke yi ba, kwaltar ba ta bushe ba.

A ƙofar gidansu na ƙauye ya fito yana gyara hula, ya waiwaya ya dubi motar. Daga tayoyi har hannun ƙofa baƙin ɗigo ne, kamar jikin zabuwa.

Nan da nan majalisar gindin darbejiya ta taso, kowa ya zama gwanin fenti. Wani ya ce toka da yashi. Najib mai faci ya ce reza. Wani dattijo ma har ya aika an ɗauko soson ƙarfen matarsa. Ikrima ya jingina da motar ya ware hannuwa.

"Don girman Allah kada wanda ya taɓa! Fentin nan ya kwaile, ni da makulli sai a lahira."

Ana cikin haka Gwaggo Hure mai ƙuli-ƙuli, ƙanwar babansu, ta ratso maza da kwanon man gyaɗa.

"Ku matsa min. Jiya akuyata ta taka masifar nan, da wannan na wanke mata ƙafa."

"Gwaggo, mota ce fa, ba akuya ba."

"To motar ta fi akuyata laushin jiki ne?"

Ta tsoma yatsa ta shafa wa ɗigo guda, ta ce a bar shi ya jiƙa. Gari guda ya tsaya yana kallon ɗigon kwalta. Can ta yagi tsohon zani mai laushi, ta goga sau ɗaya a hankali. Baƙin ya narke ya bi tsumma, fenti ya fito fes, ko ƙwarzane babu.

Wata ta rangaɗa guɗa daga zaure. Ikrima ya daka tsalle har hularsa ta faɗi, ya rasa wanda zai rungume, ya rungume Najib. Aka yayyaga zanin, kowa ya kama nasa ɗigon, Gwaggo na bi tana make hannun duk wanda ya yi gaggawa. Awaki suka ji ƙanshi suka zo lasar ƙofa, aka kora su, suka zagayo ta ɗaya gefen. Daga ƙarshe aka bi motar da sabulu da ruwan ɗumi, ta koma sai ƙyalli.

Sai a lokacin Ikrima ya hangi wani wuri a ƙasan ƙofar baya, faɗin tafin hannu, ya dushe, duk zane-zane. Kowa ya rantse bai taɓa soson ƙarfe ba. Murna ta koma ciki, Ikrima ya ji kamar ya yi kuka.

Ga kuma Khalilu ya sauko daga acaɓa, haƙurinsa bai kai la'asar ba. Ya zagaya motar yana shinshina.

"Yaya, ɗanyar kwalta na shiga," in ji Ikrima. "Mun fitar da man gyaɗa. Wannan wurin ban san yadda aka yi ba, amma a hannuna take, laifina ne."

Khalilu ya yi gyaran murya, ya kalli sama.

"Wannan ni ne. Shekaranjiya na bi titin. Da soson ƙarfe na kankare."

Gwaggo Hure ta yi dariya har ta zauna a ƙasa, majalisa ta taya ta. Ikrima ya danne tasa da ƙyar, ya miƙa makulli da hannu biyu. Khalilu ya dubi makullin, ya dubi ƙanensa, sannan ya tura hannun baya.

"Riƙe. Kai za ka mai da ni gida. Jibi ma kai za ka kai Inna asibiti."

Daɗi ya cika Ikrima. Ya buɗe wa yayansa ƙofa, ya zagaya ya zauna a kujerar direba, ya goge ido da hannun riga kafin ya tada mota.