Ragon Tara

Tun ranar da dattawa suka naɗa Baryalai gadin dajin jalgoza na kakar bana, abinci ya daina yi masa daɗi. Jalgoza itacen kan dutse ne, 'ya'yansa kwansuna ne cike da ƙwaya mai maiƙo, kuma da kuɗinta garinmu ke ci. Aikin kansa ba wani abu ba ne, hawa dutse ne da baza ido da hanci. Abin da ya tsaya masa a rai shi ne dokar kakanni: mai gadi shi ne na ƙarshen girbi. Sai kowa ya gama sauke kwansunansa, sannan ya ɗauki gorarsa mai ƙugiya ya hau nasa itatuwan, wai don kada ya kwashe rabonsa ya koma gida ya miƙe ƙafa. Dabara ce, ba laifi. Sai dai waɗanda suka ƙirƙiro ta ba su duba ɗayan gefen ba. Da zarar mutanenmu sun kwashe nasu, babu wanda ke sake ɗaga kai ya kalli dutse sai mutum guda.

Ga shi kuma ruwa ya ɗauke da wuri. Busasshen ganye mai kama da tsinke ya taru a gindin itatuwa har idon sawu, ƙaro na tsatsowa daga jikinsu. Duk wanda ya taɓa jefa guntun jalgoza a murhu ya san yadda yake ci, kamar an zuba masa kananzir. Shi ya sa ko ashana ba a ƙyastawa a sama. Kwanson kuwa ba ya buɗe baki ya saki ƙwaya sai ya ji wuta, don haka dole ka goyo shi a buhu, ka gangaro bakin rafi, ka babbaka a kan tsakuwa. Wanda ya kunna wuta a daji, tararsa rago ce: ya yanka, gari ya ci.

Gangaren Baryalai ne kaɗai ya rage ba a taɓa ba. Itatuwan da kakansa ya tarar da su manya, sun yi 'ya'ya har rassa na sunkuyowa. Garin gurasar gidansa, da shayi, da tufafin sanyi, duk suna can rataye a sama. A ƙasa ba shi da komai sai rago ɗaya mai katon jela, wanda matarsa Zarguna ke kiwo don a shanya namansa a ci da hunturu.

Wata hantsi ya jiyo ƙaurin hayaƙi. Ya bi shi da gudu, yana zamewa a kan ganye, sai ya iske Sherbaz, surukin Malik Torjan mai gari, a tsugune a bayan wani dutse. Ya tara ragowar kwansunansa ya cinna musu wuta, yana fifita ta da bakin mayafi.

"Sherbaz! Kana cikin hankalinka kuwa?"

"Haba Yaya, 'yar wannan? Ko shayi ba za ta tafasa ba. Bayana ne ya riƙe, ka ga buhu har rafi..."

"Bayanka ya riƙe, amma jiya kai ne a gaban sahun rawa a gidan biki."

Baryalai ya tuɓe bargonsa ya danne wutar, ya tattake ta, ya tono ƙasa da hannu ya binne. Sherbaz na tsaye yana karkaɗe wando, ko kunya babu.

"To sai me? Ba rago ba ne? Ka je ka faɗa. Dama mutane sun kwana biyu ba su ga maiƙo ba."

Gaskiya ya faɗa, abin takaicin ke nan. Da Baryalai ya kai ƙara gaban dattawa, bai ga fuska ɗaya da ta ɓaci ba. Wani tsoho ma har ya haɗiyi yawu, aka ji. Malik Torjan ya shafa gemu, ya yi gyaran murya irin ta masu hukunci, ya ce doka doka ce ko da a kan suruki, Sherbaz zai yanka rago ran Juma'a bayan an sauko. Kafin a tashi an fara gardama a kan wane rago, fari ko mai baƙin kai. Hukuncin da kakanni suka yi don mutum ya ji kunya, mu mun mayar da shi walima.

"A bakin rafi za a gasa dai ko?" in ji Baryalai.

"Wane bakin rafi?" Malik ya ce. "Ka ga ƙwayar jama'a shanye a can, ga buhuna jibge. Kana so tartsatsi ya faɗa wa dukiyar mutane?"

Aka ce a yi a bakin marmaro, inda akwai inuwa da ruwan wanke hannu. Marmaron nan a gindin gangaren Baryalai yake.

"Baba Malik, ku dubi Allah. Iska na tasowa daga kwari da azahar, sama take hawa. Ku bar ni in sauke nawa tukuna, sai ku gasa ko da raƙumi ne."

"Ɗana, mai gadi ba ya girbi da shari'a a buɗe. Kuma gari guda a zaune, wuta ta fi ƙarfinmu? Kai dai ka cika tsoro."

Aka yi dariya. Wani ya ce tun da aka ba shi gadi, ko tusa ya ji sai ya ce hayaƙi ne.

Ran Juma'a da sassafe ya ɗauki manjagara ya tafi marmaro shi kaɗai. Ya share ganye ya bar ƙasa tsirara kewaye da inda za a haƙa ramin gashi, ya jera duwatsu, ya cika gwangwanaye da ruwa. Da jama'a suka iso, sai suka ce wurin da ya share rana ta yi yawa. Suka matsa gaba cikin inuwa, suka shimfiɗa darduma a kan ganye mai laushi, suka haƙa raminsu a can. Ruwan gwangwanayen kuwa, da shi aka wanke hanji.

Ya yi niyyar tsayawa a kan ramin da shebur a hannu. Malik ya yafito shi.

"Zo nan kusa da ni. Mai ƙara ke fara kai loma, in ba haka ba gaba ba ta mutu ba. Ko kana riƙe da Sherbaz a zuci?"

Haka al'adar take, kuma ba a tashi daga gaban babba sai ya wanke hannu. Baryalai ya zauna, bayansa na kallon ramin. Sherbaz da kansa ya miƙo masa tsoka, yana murmushi. Ya sa a baki, ya ji kamar yana tauna tsumma. Ya dubi mutanen da ya tashi a cikinsu, maiƙo na bin gemu yana ɗiga a riga, ana fasa ƙashi ana zuƙe ɓargo, wani na cusa kitse a aljihu a ɓoye.  Bai taɓa jin ƙyamar mutane kamar ta wannan rana ba.

Mai gashi ya ga ana neman cinye nama babu shi, ya bar jelar ragon a kan garwashi ya zo ya kutsa. Kitse ya narke ya zuba, wuta ta yi tsalle. Daidai nan iskar azahar ta iso.

Baryalai ya fara jin ƙarar, wani tas-tas a bayansa. Ya miƙe ya ture tiren Malik, abin da ba a taɓa yi ba. Kafin ya kai, wutar ta bi ganye ta kama itacen farko, ta haye shi har ƙoli. Ya yi ta dukanta da bargo yana ihu a kawo ƙasa, a sare rassa. Wasu samari sun taya shi. Amma da wani ya ce iska na iya juyawa ta gangara rafi, sai wurin ya watse, kowa ya ruga ya kwashe buhunansa. An ga mutum na gudu da cinyar rago a hannu.

Iskar ba ta juya ba. Sama ta yi ta hawa, har wutar ta kai tsandaurin dutse inda babu abin ci, ta mutu don kanta. Kwansunan Baryalai sun buɗe baki kuwa, a kan itatuwansu, ƙwayar ta zube ta zama gawayi.

Zarguna ce ta shafa masa man shanu a tafin hannu inda fata ta saɓule. Ba ta yi kuka ba. Ta dai ce, "Itacen nan, wanda ya shuka ba ya cin 'ya'yansa. Ko jikokinmu ba za su gani ba."

Bayan kwana biyu dattawa suka zauna a kan maganar. Aka tambayi wanda ya kunna wutar. Mai gashi ya ce shi sa shi aka yi. Sherbaz ya ce shi tara ya biya, kuma gaban kowa. Malik ya ce wurin shawarar jama'a ce, kuma ba a cin gari guda tara, don babu wanda zai ci naman. Aka yi ta shafa gemu. Can tsohon nan mai haɗiyar yawu ya ce, to ai daji a hannun mai gadi yake, kuma an ga mai gadi zaune yana cin nama lokacin da wuta ta tashi.

Kawuna suka fara gyaɗawa ɗaya bayan ɗaya.

"Ka yi haƙuri, ɗana," in ji Malik Torjan, bai yarda sun haɗa ido ba. "Doka ce. Rago."

Baryalai ya miƙe. Ya tafi gida, ya kwance ragon Zarguna da yatsun da ke naɗe da tsumma. Tana tsaye a bakin ƙofa, ba ta hana shi ba. Ya jawo shi har gaban dattawa ya saki igiyar. Nan take wani ya kai hannu ya taɓa jelar, ya ce ma sha Allah, matar nan ta iya kiwo.

"To a ina za a gasa wannan karon?" Sherbaz ya tambaya.

"Ku hau gangarena," in ji Baryalai. "Ko'ina kuka ga dama ku hura. Babu sauran abin da zai kama."