Ƙarar Kujerar Gaba

Lukmanu ya sayi motarsa ta farko, 'yar Beljiyam, wato ta hannu, a lokacin da harka ta buɗe wa ma'aikatan Abuja. Kullum da safe yakan ɗauki Zacharias, maƙwabcinsa a Kubwa kuma abokin aikinsa, su shiga gari tare.

Ranar da Zacharias ya tafi hutu garinsu, motar ta soma wani abu. Babu kowa a kujerar gaba, amma ƙararrawar ɗaura bel sai kuka take, kamar an zauna. Lukmanu yana tuƙi yana satar kallon kujerar, tsigar jikinsa na tashi. Ya tuna shi da Zacharias ne ake dubawa a ƙarin girma. Ya sa aka yi wa motar tofi, aka turara ta, ƙarar ba ta daina ba. Da Zacharias ya dawo, Lukmanu ya riƙa ficewa tun kafin ya shirya. A masallacin ofis kuwa ya raɗa wa mutum biyu cewa an bar masa wani abu a mota, kuma ya san wanda ya bari.

Wata Asabar da hantsi Zacharias ya ƙwanƙwasa masa ƙofa.

"Oga Lukman, na ji motarka yana ihu ko ba mutum. Akwai wani a Apo, yana da kwamfuta. Mu je in nuna maka."

Lukmanu ya rasa uzuri, suka tafi. Makanikin, wani mai suna Yamusa, ya jona kwamfutar a ƙasan sitiyari, ya duba.

"Sensar kujera ce ta mutu. Ita ke jin nauyin mutum. Wani abu ya zube a nan?"

Ya ɗaga rigar kujerar. Soson ya yi jawur, yana tsami. Lukmanu ya gane nan take. Zoɓon matarsa ne, wanda ya kai gidan suna, jarkar ta kife, ya goge sama-sama. Yamusa ya cire sensar ya sa wata, ya tada mota. Shiru.

A hanyar komawa Lukmanu ya kasa kallon gefensa. Da suka kai wajen Gwarinpa ya ce:

"Zacharias, akwai wata magana da na yi a ofis."

"Na ji tuntuni. Matata ma an gaya mata a kasuwa, ta zo gida tana kuka."

"Ka yafe mini."

"Ya wuce, oga. Ni dai na so ka gani da idonka."

Ranar Litinin Lukmanu ya nemi mutanen nan biyu ya janye maganarsa, kansa a ƙasa. Ɗaya ya yi dariya. Ɗayan ya ce ai maganar ta riga ta kai har hawa na uku na ofis. Ba a daina gaisawa ba, amma Zacharias ya koma shiga bas, kuma da shekara ta ƙare ya kwashe iyalinsa suka koma Karu.